Tukunyar kokon Adiza

Na dawo daga masallaci na tarar da matata Adiza tana tura tukunyar kokonta bayan labule. Wai an ce masu tallafin tsofaffi suna zagaya unguwarmu Maamobi, wanda suka gani yana sana'a za su cire sunansa.

Na ce, "Hajiya, tun unguwar Nima ba ta da kwalta ake jin ƙamshin kokonki. Labule ne zai tare shi?"

Sai ga ma'aikaciyar tallafin ta yi sallama, ta shaƙi iska, ta yi dariya. "Mma, fito da shi, ban karya kumallo ba. Sayar da koko ba ya hana tallafi."

Adiza ta harare ni, ta jawo tukunyar.

Tallafin nan gero take ƙarawa da shi. Ku naku tsofaffin, ya zaunar da su?