Takardar Auren Luba Mai Alkaki

Duk wanda ya ci alkakin gara a unguwar Madabo a shekarun nan na gab da samun mulkin kai, da wuya in ba daga kaskon Luba ya fito ba. Gajeriyar mace ce mai ƙaramar murya. Sau biyu ta haihu, duk suka koma tun suna goye. A wajen alkaki da nakiya ba ta da na biyu, aibinta ɗaya dai, zargi. In an kawo mata zuma sai ta ɗiga a ruwa ta ga ko an yi mata haɗi. In maƙwabciya ta cika gaisuwa, Luba ta ce aron turmi ne ke tafe, kuma abin haushi, sau da yawa sai ka ga turmin ya fita.

Mijinta Malam Salihu baduku ne, mai ɗinkin gafaka da jakunkuna. Ni na iya kama sunansa tunda ba mijina ba ne. Ita kuwa, kamar kowace matar kirki ta zamaninta, "Malam" take cewa, in da wasu malamai a wurin ta ce "mai gidan nan". Mutum ne da magana ke yi wa tsada, abin da wani zai faɗa a wuni shi sai ya raba shi a mako.

Wata la'asar ya shigo ya tsaya a bakin madafi ya ce, "Gobe za mu je wajen alƙali a rubuta aurenmu. Bana nake so mu sauke farali, an ce ba za a ba mu fasfo tare ba sai da takardar shaida." Ya juya ya koma zaure.

Luba ta bi bayansa da kallo har alkakin ya soma ƙonewa. Auren da ya haura shekara talatin, wanda aka ɗaura a zauren mahaifinta, aka raba goro aka shafa fatiha, yau shi ne ke neman shaida? Takarda ɗaya ta san mata na fitowa da ita daga gaban alƙali, ta saki. Matar kulle kuma ba ta taka wajen da rana tsaka sai in aure ya mutu ko ana rabon gado. Nan da nan ta shiga haɗa ɗaya da biyu. Malam ya daina karɓar sabon aiki. Ƙanwarsa Binta, wadda ta daɗe tana gunagunin gida ba ɗa ba jika, ta yi ta sintiri kwanan nan ana ƙus-ƙus a zaure. Duk wannan zai iya zama shirin Makka, amma Luba ba ta saba sayen magana a yadda aka tallata ta ba. Tsoro ya kama ta sosai, don in ta bar gidan nan ba ta da ɗan da za ta zauna a gabansa. Kafin magariba ta ɗaure tasoshinta masu kyau ta aika da su gidan yayanta, wai an ara.

Da hantsi suka isa, Malam a gaba, ita a baya cikin mayafi, sai tsoho Ɗantani sanƙira, wanda ya yi shelar auren ranar da aka ɗaura shi. Waliyyi da liman da sauran shaidu duk ƙasa ta rufe musu ido, shi kaɗai ya rage.

Aka tura su wajen Malam Isiyaku muhuti, mai rubuta wa alƙali. A nan Luba ta gamu da gamonta, don shi ma ba ya yarda da inuwarsa. A lokacin ana ta raɗe-raɗin masu kwasar matan mutane da sunan iyalinsu ne, in an tsallaka teku ba a sake jin ɗuriyarsu. Ya dubi Malam, ya dubi mayafin, ya ce kada mijin ya sake ya buɗe baki sai an tambaye shi.

"Baba Ɗantani, ka san matar nan?"

"Shi na san shi, ni na yi shelar aurensa," in ji tsohon. "Amma Allah ya gafarta malam, amarya tana zuwa wajen ɗaurin aure ne? Ina zan san fuskarta?"

Muhuti ya gyaɗa kai kamar wanda ya kama ɓarawo. Ya juyo. "Inna, wane ne mijinki?"

"Ga shi nan."

"Sunansa nake tambaya."

"Malam."

"Birnin nan kowa malam ne. Sunan yanka."

Luba ta sunkuyar da kai. Can ta ce a hankali, "Sunan annabin nan ne mai taguwa."

"Taguwa ba ta shiga takarda," in ji muhuti. Ya ajiye alƙalami. "To, ba matarsa ba ce ke nan. Kai tashi ka tafi, ita a nemo danginta."

Maganar da ta kwana tana tsoro ke nan, sai ga shi ba daga bakin da ta zata ta fito ba. Ta saci kallon Malam. Mutumin da ko ranar da suka binne ɗansu bai yi dogon zance ba, ga shi ya durƙusa yana roƙo.

"Ranka ya daɗe, in ba da ita ba na fasa. Wa zai kai ni can in bar ta ita kaɗai a gida?"

Kunya ta lulluɓe Luba, ba ta muhuti ba, ta tasoshin nan da ke gidan yayanta. Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ta ce, "Salihu." Muryar ta fi yadda ta so ƙarfi, har dogarin bakin ƙofa ya waiwayo.

Muhuti ya ɗauki alƙalaminsa. "Ya isa, Inna. Matar da aka ɗauko haya tun a tambayar farko take faɗa." Ya rubuta, alƙali ya sa hannu, aka buga hatimi. Da aka miƙa wa Malam takardar, Luba ta zuro hannu ta ƙarƙashin mayafi ta karɓe.

Sun kusa Madabo kafin Malam ya yi magana, bai ma waiwayo ba.

"Ashe kin san sunan."

"Ina ta adana abina, ka sa na zubar da shi a gaban ƙartin banza."

Sun tafi a shekarar, a mota ta Barno har Sudan, suka tsallaka a jirgin ruwa. Sun yi Arfa tare. A Madina zazzaɓi ya kwantar da Malam, a can aka yi masa sutura. Luba ta dawo ita kaɗai, ta koma kan kaskonta, ana ce mata Hajiya, zumar ma ba ta fasa gwadawa ba.

Ta daɗe a duniya bayan haka. In masu ƙidaya ko mutanen haraji suka tambaye ta sunan maigidan, sai ta shiga ɗaki ta warware wani ƙyalle, ta miƙo takardar ta bayan labule.

"Karanta," take cewa, "amma a zuci."