Labbo Mai Riƙon Gora

Duk wanda ya saba da kasuwar Sabon Birni ya san Baba Labbo mai tufkar igiya. Yana zama kusa da masu sayar da tumaki, yana tufka yana surutu, ko da mai saye ko babu. Nakan zauna wurinsa in na gama abin da ya kawo ni kasuwa. A nan na ji tarihinsa, kaɗan yau kaɗan gobe, har na haɗa shi.

A Gangara aka haife shi. Mahaifinsa manomin gero ne, yana da ƙanwa ɗaya, Goggo Habi, wadda ta yi aure a unguwar da ke bayan tasu. Damina ɗaya aka haifi Labbo da ɗanta Jibrilla, saboda haka taubasai ne tun suna goye. Jibrilla na iya cire masa hula a tsakiyar mutane ya tafi da ita, ya shanye masa fura, ya zage shi gaban surukansa, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi. Shi ma Labbo yana da wannan dama. Sai dai ya ce ko a wasan Jibrilla ya fi shi sa'a. In shi ya ɗauki hular Jibrilla sai ya tarar tsohuwa ce, in Jibrilla ya ɗauki tasa sai a dace ranar ya fara sa ta.

Abu ɗaya Labbo ya fi kowa a Gangara, shi ne kwaikwayo. Lokacin sussuka in an gaji, sai ya miƙe ya zama wani. Wanda aka fi so shi ne wani tsoho da aka taɓa kira shaida gaban mai gari kan satar akuya, tsoro ya hana shi faɗa, rantsuwa ta hana shi ɓoyewa. Labbo zai karkata hula, ya yi ɗan tari sau biyu, ya dubi ƙasa ya ce, "Ni ban ga komi ba, ranka shi daɗe. Idona na yag gani." Mata har ajiye taɓarya suke yi don dariya. Jibrilla kullum yana gefe yana kallo.

Sai farin shekarar tamanin da huɗu ya zo. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Gulbi ya zama rairayi. Fulanin Burkusuma suna koro shanu kasuwa, wasu na faɗuwa a hanya. Samari suka watse. Jibrilla ya tafi Sakkwato ya kama sayar da ruwa, Labbo kuma ya tsaya kusa, ya sami aikin lodi wurin wani ɗan kasuwa a Sabon Birni, Alhaji Ɗanmusa.

Alhajin yana da talabijin baƙi da fari da ya sayo a Maraɗi. Da batirin babbar mota take aiki, wanda ake kaiwa Isa caji duk bayan kwana uku. Bayan magariba ana fito da ita ƙofar zaure a ɗora kan turmi, mutane su shimfiɗa tabarmi. Labbo ya ce a shekarar mutane da yawa suna zuwa ne don kada su zauna gida suna jin kukan yara.

Eriyar tana kan wata doguwar gora a bayan zauren. Maraɗi tana gabas, kuma hotonta ba ya wahala, ko iska ta juya gorar yakan fito. Sakkwato kuwa tana can yamma da nisa, sai an saita daidai an riƙe, in ta goce kaɗan hoton ya watse ya koma ɗigo-ɗigo. Mutanen wurin suna kiran wannan tsaki. An gwada ɗaure gorar da igiya, an gwada tokare ta da duwatsu, ba ta zauna ba. Hannun Labbo kaɗai take ji. Ya san inda zai tsaya, ya san yadda zai jingina ta da kafaɗa. Daga gaba a yi ta kira, "Tsaki, Labbo," ya murɗa kaɗan, a ce ya yi. Haka ya zama mai riƙon gora. Gari duka na kallo, shi yana bayan bango yana jin murya kawai.

Wata rana, wajen shekara guda da tafiyar Jibrilla, aka sa tallar wani sabon wasa da za a fara nunawa mako-mako. Sunansa Ƙarƙashin Rumbu. Labarin wasu manyan wani gari ne da suka haɗa baki suka ɓoye hatsin agaji, suna kawar da duk wanda ya gano su. Mai talla yana ta tambaya da murya mai ban tsoro: wa ya kwashe, wa ya sani, wa zai tona. Labbo na riƙe da gora sai ya ji ɗan tari sau biyu. Sannan ya ji muryar da ya sani tun yana yaro tana faɗin maganarsa, kalma bayan kalma, har da yadda yake jan ƙarshenta.

Wurin ya kaure. Wani ɗan Gangara da ke cikin masu kallo ya zagayo da gudu ya ce masa Jibrilla ne, wallahi Jibrilla ne, da kakin mai gadi da tocila, har hular ya karkata. Daga baya aka ji yadda abin ya faru. Jibrilla yana kai ruwa gidan wani mai shirya wasanni, wata rana ya yi masa wannan kwaikwayo, mutumin ya yi dariya ya ce ya zo.

Wata biyu aka yi ana sa tallar kafin a fara wasan, kuma wata biyun nan Labbo ya ce bai taɓa jin daɗin tuwo ba, ko da an samu. Duk dare sai ya riƙe gora da hannunsa don mutane su ga taubashinsa yana cin abincinsa. Sau ɗaya ya saki gorar ya zagaya da sauri don ya gani da idonsa, kafin ya kai ƙofar zaure hoton ya zama tsaki, aka kore shi ya koma.

Gari ya ɗauki wasan kamar da gaske. A wurin mai shayi ana gardama kan wanda ya kwashe hatsin tun ba a ga ko mako ɗaya ba. Wasu suka ce mai rawanin da aka nuna yana raɗa ne, wasu suka ce a'a, wannan yaudara ce, akawun nan mai tabarau ne. Kowa na da wani a zuciyarsa da yake zargi da irin wannan aiki a shekarar, amma sai a fake da wasan a yi magana. Abin da aka haɗu a kai shi ne mai gadin ne zai tona asiri, tunda shi ya gani. Wato Jibrilla ne babba, za a yi mako goma sha uku ana kallonsa. Yara suna bin lungu suna tari sau biyu. In Labbo ya wuce sai a ce ga ɗan'uwan Jibrilla.

Ya gwada faɗa wa mutane cewa maganar tasa ce. Alhaji Ɗanmusa ya yi dariya ya ce to mene ne, ba taubashinka ba ne, ai ko rigarka ya ɗauka sai dai ka bi shi da addu'a. 'Yan Gangara ma da suka san gaskiya haka suka ce. Wannan ya fi ƙona shi. Da baƙo ne ya ɗauka, da an taya shi zagi. Da yake Jibrilla ne, ko fushin ba a yarda ya yi ba.

Sai ya fara rage wa abin daraja. Ya ce ai kakin aro ne. Ya ce Jibrilla bai iya tarin ba, na biyun yana fita da ƙarfi. Ya ce mutumin da ya bar uwarsa cikin yunwa ya tafi yana wasa a akwati, ba abin yabo ba ne, alhali ya san Jibrilla yana aiko mata da garin rogo duk wata. Yana faɗa mini wannan, sai ya ƙara da cewa har yau yana nan a kan bakansa game da tarin.

Ana saura mako guda dabara ta zo masa. Idan taubashi na iya ɗaukar abinka a yi dariya, to shi ma yana iya nasa. Ranar farko, da an fara, zai juya gorar gabas su sha Faransanci na ɗan lokaci, a yi ta kiran sunansa, sannan ya mayar. Mako goma sha uku ne, ɗan abin da zai cire ba zai rage wa Jibrilla komai ba. Amma in ya dawo gida za a ba shi labari cewa ranar da ya fara fitowa, sai da gari ya roƙi Labbo.

Ranar da la'asar sai ga Goggo Habi a ƙofar gidan Alhaji. Tun hantsi ta taso daga Gangara a ƙasa, jakin da ta saba hawa ya mutu tun bazara. Idonta ya fara rauni, kuma rabonta da ɗanta wata goma sha huɗu. Labbo ya durƙusa ya gaishe ta, ya kawo mata ruwa. Ta tambaye shi ko gaskiya ne shi ke sa hoton ya fito, ya ce gaskiya ne.

Ta ce, "To ka riƙe man da kyau, ɗana. So nike in ga ko ya rame."

Ya ce mata to. Ya ce da ni a lokacin ya so ya fasa. Amma da aka shimfiɗa mata tabarma a gaba, Alhaji da kansa ya fito yana kiranta uwar mai wasa, mata na zuwa suna durƙusa mata, sai abin ya dawo masa sabo. Ya ce a ransa ai minti kaɗan ne.

Bayan magariba wurin ya cika har kan katanga. Kiɗan farko ya tashi, aka rubuta sunan wasan, wani mai karatun boko ya karanta da ƙarfi. Labbo ya ji takun mutum da ƙarar kwaɗon ƙofa a cikin wasan, sai ya murɗa gorar gabas. Wani mutum ya fito yana karanta labarai da Faransanci.

Aka fara kiransa, da farko da dariya. Ya ce iska ce. Aka ce babu iska. Ya tsaya yana jin sunansa a bakin mutane fiye da ɗari, yana lissafi a zuciya, ya ce bai wuce minti huɗu ba. Da ya ji Alhaji ya taso sai ya mayar da ita yamma, ya jingina da kafaɗa, ya jira ihun murna.

Ba a yi ihu ba. Kiɗa mai sanyi kawai yake ji, da muryar wasu mutum biyu suna raɗa cewa a ɗauke shi kafin gari ya waye. Mai gadin nan shi aka fara kashewa. Duk abin da Jibrilla ya yi a wasan, maganarsa da tarinsa da fuskarsa, a cikin mintunan nan yake. Abin da ya dawo a akwatin shi ne mutum kwance an rufe shi da buhu, ƙafafunsa biyu a waje suna fuskantar masu kallo. Aka ɗauke shi, ba a sake nuna shi ba, a ranar ko a sauran makonni, kuma tallar ma aka canza ta.

Ba wanda ya zagi Labbo sosai. Wasu ma dariya suka yi, suka ce taubashi ya rama. Alhaji ya ce kada ya sake. Goggo Habi ta zauna har aka gama, ta kwana wurin matan gidan.

Da safe ya raka ta bakin gari, yana ɗauke da ɗan ƙunshin dawa da Alhaji ya ba ta. Yana jira ta yi masa faɗa, ya shirya abin da zai ce game da iska. Ba ta tambaye shi ba. Sai da suka kai inda zai juya ta karɓi ƙunshin, ta ce ta san wasa ne, kada ya ɗauka ta tsorata.

Ta ce, "Na duba ƙahwahun nai da kyau, sun daɗe suna nuna su. Babu kaushi ko kaɗan. Yana sa takalma, kuma yana samun mai. Wanga ya ishe ni in koma da shi."

Ta kama hanyar Gangara, shi kuma ya tsaya har ta shige bayan geza. Jibrilla bai dawo ba sai bayan damina biyu, bai kuma sake shiga wani wasa ba, ya ƙare da sayar da kayan miya a Isa. Labbo bai taɓa tayar masa da zancen ba, shi ma bai tayar ba, duk da ba abin da suke raga wa juna.

Na tambayi Baba Labbo ko yana nadama. Ya daɗe yana tufka kafin ya ce yana yi, saboda Goggo. Can kuma ya ce amma in duba in gani, mutum ya kwanta kawai an rufe shi da buhu, bai motsa ba bai yi magana ba, kuma aka yi mako guda a wurin mai shayi ana cewa ba a taɓa ganin wanda ya iya mutuwa kamarsa ba.