Hannun Hagun Dogo Kafinta

A layin masu sana'a babu wanda bai san Dogo kafinta ba. Kullum fensir a bayan kunne, garin katako a gira, magana kuwa sai an ja shi. Ya daɗe da aure kafin maiɗakinsa ta samu ciki, don haka da cikin ya tsufa sai ya ture aikin mutane gefe, ya ƙera gadon jariri mai lilo. Ya goge shi har ya yi sulɓi. Baba Mai Walda, wanda rumfarsa ke jikin tasa, ya riƙa tsokanarsa: "Dogo, wannan gado ko ni aka kwantar a ciki sai na yi minshari."

Yaron ya zo babu rai.

A barandar asibiti nas ta miƙo masa shi naɗe cikin farin zane, ta ce, "Maigida, riƙe, bari in koma kan uwar." A hannun hagu ya rungume shi har maƙabarta, kuma shi ya sa shi a ƙasa. Ya dawo ya tarar da ɗaki cike da mata ana rarrashin matarsa. Ta cancanci rarrashi, babu mai musu. To shi fa? Duk wanda ya same shi a ƙofa tambayarsa ɗaya ce: "Ya mai jiki?" Kawunsa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai namiji ne, ka daure, ka ƙarfafa mata gwiwa." Iyakar rabonsa ke nan. Sai ka ce ɗan na mutum ɗaya ne!

Ya daure ɗin. Ya koma shago, ya lulluɓe gadon da tampol a can ƙurya. Amma hannun hagu ya ƙi saki. Yana tafe a titi sai ya tsinci hannun a lanƙwashe jikin ƙirjinsa, da ɗan nauyi a kai, nauyin da ya sani sarai. In an kashe injin yanka katako, shago ya yi tsit da rana tsaka, sai ya ji kamar gadon yana lilo a ƙarƙashin tampol.

Sau ɗaya ya gwada faɗa. Ya ce wa yayarsa, "Yaya, har yanzu ina jin sa a hannuna."

Ta waiga ta ga ko akwai mai ji. "Rufa mana asiri, Dogo. So kake a ce ka zautu? Kar ka kuskura matarka ta ji wannan."

Bai ƙara gaya wa kowa ba. Ya rame, aka ce aiki ne. Ya daina dariya, aka ce girma ne ya zo. Mutum yana narkewa a gaban idon jama'a, ana yaba masa haƙuri.

Wata rana yana tura katako bakin injin, sai ya ji abin da ke hannunsa ya motsa. Ya saki katakon ya kai hannu zai tallafe. Zarton ya cafki hannun rigarsa ya fara ja. Baba Mai Walda ne ya faɗo shagon ya fizge wayar wuta.

Dogo ya zauna a ƙasa, riga a yage, hannun na nan a lanƙwashe. Baba bai yi masa faɗa ba. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya cire baƙin gilashinsa ya zauna kusa da shi.

"Nawa a hannun dama yake," in ji Baba. "Mace ce. Da yanzu ta aurar da 'ya'yanta."

Dogo ya dube shi. "Nauyin yana sauka, Baba?"

"Ban sani ba. Nawa dai bai sauka ba."

"Wa ka gaya wa?"

"Kai ne na farko."

Garin katako yana ta sauka a kansu. Can Baba ya ce, "Kai kaɗai ka ga fuskarsa da kyau. Da wa ya yi kama?"

Babu wanda ya taɓa tambayarsa.

"Da ni, Baba. Har dogayen yatsun."

Ya kifa kai a kan hannun ya fashe da kuka. Baba ya miƙe ya jawo ƙofar shagon don kada masu wucewa su zo su ce masa ya daure, ya dawo ya zauna, hannunsa na dama a lanƙwashe jikin ƙirjinsa.