Kwamfutar da Yaya Ya Raba Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya karɓi ran yayanmu, mai gyaran kwamfuta, bayan ciwon hanta da ya ɓoye mana tsananinsa sai da ƙarfi ya ƙare. Yaya, tun ranar nake neman inda zan fara, duk inda na taɓa sai in gan ka a bayan teburin shagonka, sukudireba a bayan kunne, kana gardama.

Gardamarka ɗaya ce, kuma ba ka taɓa gajiya da ita ba. Kai mutumin Linux ne, manhajar tafiyar da kwamfuta da ke kishiyantar Windows. Duk wanda ya kawo gyara sai ya sha wa'azi kyauta, wai mai kwamfuta ya kamata ya san cikinta kamar yadda ya san ɗakin kwanansa. Ni ƙanwarka da ke kan Windows, 'yar haya kake kirana. Auta kuwa, da na'urar wasansa ta jikin talabijin, ko a lissafi ba ka sa shi. Babbar kwamfutar gida da ka haɗa da hannunka, ka sha alwashin ko da wuƙa a wuya wata manhaja ba za ta shige ta ba. Mun san taurin kanka, muka bar ka da kiwon da ya karɓe ka.

Sai ciwon suga ya sa aka yanke wa Baba ƙafa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙin tirela ya koma zaman bakin taga a gidanka. Magana ta ɗauke, abinci sai an yi da gaske. Ni ina wani gari wajen aiki, Auta yana makaranta, in mun kira sai mu ji numfashinsa kawai. Tsoronmu shi ne mu rasa shi tun yana raye.

Kai ne ka shigo masa da sitiyarin wasa mai birki da totur a hannu, ka samo wasan tuƙin manyan motoci wanda mai waya da mai kwamfuta da mai na'ura za su iya hawa titi ɗaya. Matsalar ita ce waɗanda suka ƙirƙiri wasan ba su buɗe wa Linux ƙofar haɗuwa da sauran 'yan wasa ba. Ka yi duk dabarar da ka sani, abu ya ƙi. Rannan sai ga kiranka, murya ƙasa-ƙasa kamar mai laifi: "Ƙanwata, na raba kwamfutar biyu, na sa Windows ɗinku a gefe. Kar ki yi dariya." Na yi, har da riƙe ciki.

Daga nan kowace Asabar bayan la'asar muna kan titi mu huɗu. Baba a babbar kwamfuta, kai a gefensa da waya, ni da Auta daga nesa. A wasan ma sai Baba ya kunna sigina kafin ya karya kwana. Ranar da Auta ya wuce shi a kan gada, faɗan da ya sha har da tambayar wa ya ba shi lasisi. Matarka ta ce a kicin ta tsaya tana kuka, don ta manta rabonta da jin Baba ya ɗaga murya. Ya dawo cin abinci, ya dawo aski, har ya fara tsokanar jikoki.

Abu ɗaya ne ba ka saki ba. In an kunna kwamfutar, layi biyu ke fitowa, na Linux da na Windows, in ba a taɓa komai ba ta shige Linux da kanta. Idon Baba ba ya kama ƙananan rubutu, don haka kai kake zaɓar masa, kana ajiyar zuciya, kana cewa ka kai shi gidan haya.

Da muka rasa ka, Baba ya koma bakin taga. Ba ya kuka, ba ya magana, tsohon tsoronmu ya dawo sabo. Kwamfutar tana lulluɓe da zane, ni da Auta muna tsoron taɓa ta, don ba mu san yadda ka tsara cikinta ba. Asabar ɗin da ta wuce, bayan la'asar, Baba ya gangara da kekensa na guragu ya yaye zanen, ya kunna ta da kansa. Layi biyun suka fito. Na sama, da manyan baƙaƙe, an rubuta "Na Baba". Kafin mu motsa ta shige da kanta, har cikin wasan. Matarka ta ce ana gobe za a kwantar da kai a asibiti, zama ma da ƙyar kake yi, ka sa ta riƙe ka a kujera har ka gama gyara shi.

Baba ya daɗe riƙe da sitiyarin. Can ya tambaya ko naka na ƙasa yana nan. Muka ce yana nan.

"To kada kowa ya goge masa," in ji shi. Ya juya wajen Auta. "Ɗauko wayarka. Ka biyo ni a baya, kuma ban da gudu."

Sunanka yana cikin jerin 'yan wasa, a dushe. Baba ya kunna sigina, ya hau titi.

Yaya, ka bar mana kewa mai nauyi. Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da Aljannar Firdausi saboda abin da ka yi wa mahaifinmu. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da 'ya'yanka, da Auta, da abokan sana'arka. Baba kuma, Allah ya ba shi haƙurin rashin ɗan da ya mayar da shi kan hanya. Amin.