Bazara Biyar Ba Ƙyanda

Ban taɓa mantawa da ranar da Iya Kande, unguwarzomar garinmu, ta tare ni a bakin rijiya ba. Lokacin ina Sarkin Aska, wato shugaban wanzamai, a wani ƙauye mai ganuwa yamma da Bakori. Ban da aski da ƙaho da kaciya, duk cutar da ta shigo gari ni Mai Gari yake fara tambaya.

A wurinmu ƙyanda baƙuwar bazara ce. Kowace shekara takan kwantar da 'yan yara kaɗan ta wuce. Na lura kullum bayan cin kasuwar Bakori take ɓulla, sai na ba Mai Gari shawara: daga gama sussuka har ruwan farko, kada yaro ya fita ganuwa, kada baƙuwa ta shigo da goyo. Aka yi shela. Bazara biyar muka yi ba yaron da ya kwanta. Mai Gari ya ba ni riga, ni kuwa har tafiyata ta sake.

Ranar nan Iya Kande ta ce, "Sarkin Aska, yara nawa ne a garin nan ba su taɓa yin ƙyanda ba?"

Na ce, "Duk ƙananan, Iya. Alhamdu lillahi."

Ta ce, "To, ɗan nan, ba korarta ka yi ba, tara mata su kake yi. Wanda ya yi sau ɗaya ba ya sakewa. Da, in ta shigo sai ta iske yawanci sun yi, ta rasa wanda za ta kama. Yanzu fa?"

Na yi dariya, na ce a raina tsufa ne.

A bazara ta shida ƙanwar Mai Gari ta zo suna daga Maska, da goyo yana tari. Wa zai tsayar da ita a ƙofa? Kafin wata ya cika, ba gidan da babu yara uku ko huɗu a kwance. A al'ada, in yaro ya kamu, maƙwabta ke ɗebo wa uwarsa ruwa, su dama kunun tsamiya. Wannan karon kowace maƙwabciya tana fama da nata. Ni kuma ban tanadi komai ba, ko sassaƙe ɗaya. A cikin waɗanda muka binne har da 'yata Hansai, mai shekara bakwai.

Na mayar wa Mai Gari rigarsa. Ya ƙi karɓa, ya ce da bakinsa aka yi shelar.

Ban ce rufe ƙofa laifi ne ba, ya tsirar da jarirai da dama. Amma ku masu tasowa a sana'ar nan, shekarar da cuta ba ta zo ba, ku ƙidaya waɗanda ba ta taɓa kamawa ba, ku yi shiri daidai yawansu. Ni ban ƙidaya ba, Iya Kande ce ta ƙidaya. Ita ta yi wa Hansai wankan farko, ita kuma ta yi mata na ƙarshe.