Jiragen Holan a Falon Maƙwabcina

Lokacin da nake aiki a ofishin jakadancinmu a Alƙahira, a unguwar Ma'adi muke zaune, kuma 'yata ta fari tana aji huɗu na sakandare. Duk tambayar da ta shafi tarihi ni take kawo wa, ni kuwa ina jin daɗin hakan fiye da yadda nake nunawa.

Wata Alhamis ta dawo da aikin muhawara: tsakanin mutanen Holan da Turawan Ingila, su wa suka fi taka rawa wajen binciken teku da kama ƙasashe? Ban ko ajiye cokali ba na ce Ingila mana. Da labarin jiragensu aka yaye mu a makaranta. Na lissafa mata Indiya da Ostareliya da ƙasarmu kanta. Ta saurara, sannan ta ce ai ɓangaren Holan malamarsu ta ba ta.

Uwarta ce ta ce ta hau benen sama wajen maƙwabcinmu, abokin aikina ɗan Katsina, wanda ya yi shekaru a Holan kafin a kawo shi Masar. Yarana Kawu suke ce masa.

Ta hau bayan la'asar, ba ta sauko ba sai da aka kira magariba. Ta shigo bakinta cike da labari. Wai jiragen Holan sun riga na Ingila isa gaɓar Ostareliya da fiye da shekara ɗari, suka zana taswirarta, amma da ba su ga kanumfari ko masoron da za su saya ba sai suka wuce. Ingila ta zo daga baya ta kafa tuta ta ce tata ce. Haka ma a kudancin Afirka, su suka fara kafa zango, Ingila ta karɓe. Kawu ya nuna mata hotunan tsofaffin jiragen da ya gani da idonsa.

"Abba, kai ka san duk wannan?"

Na ce na sani sama-sama. Abincin ranar bai yi mini daɗi ba.

Daga nan kullum tana sama. Ina zaune a baranda ina jiyo dariyarsu ta taga. A ofis mutumin ya tare ni da fara'a yana yaba kaifin yarinyar, na ce tamam, haka ne, na wuce. Har wajen masu tsofaffin littattafai na je a jirgin ƙasa na metro, na tsaya cikin ƙura ina karanta yadda Ingila ta ƙwace tashoshin Holan ɗaya bayan ɗaya. Na kawo mata hujjojin, ta ce Kawu ya riga ya faɗa mata, har ya koya mata amsarsu.

Matata ta lura. Ta ce, "Alhaji, ma'alish, ka yi haƙuri, aron kunnenta kawai ya yi."

Ranar muhawarar muka zauna layi ɗaya da maƙwabcin namu. Yarinyar ta yi magana ba gargada, ta ce wasu sun gano hanya, wasu sun zo sun zauna a kanta. Zauren ya ɗauki tafi, ɓangarenta ya ci. Ƙirjina ya cika da alfahari, amma na san jimlar ba daga bakina ta fito ba.

Da aka tashi ta rugo ta rungume ni, sannan ta miƙa mini wayarta ta ce in ɗauke su hoto ita da Kawu. Na ɗauka. Ta duba ta ce idonsa a rufe yake, na ja da baya na sake ɗauka.