Magulmaciya Mai Fiffike Biyu

A Rillieux, can ƙasar Faransa, ba mu da murhu. Radiyatar ɗumama ɗaki ce a ƙarƙashin taga, a bene na tara, nan Kaka ke shimfiɗa darduma bayan magariba ta miƙe ƙafafu. Daga Damagaram aka kawo ta don jinyar ido, ta zauna da mu shekara uku.

Labarin da ta fi so shi ne na mahaifinta, Isuhu, wanda Faransa ta kai yaƙi da Jamus a yaƙin duniya na farko.

Wai kullum da hantsi wani jirgin Jamus yakan zo bisa kansu, na katako da ƙyalle, fiffike ɗaya bisa ɗaya. Ba ya harbi, ba ya jefa komai. Sai ya kewaya ya koma. Sojoji har hannu suke ɗaga masa. Isuhu ne ya lura cewa duk ranar da ya wuce, kafin la'asar igwa za ta same su daidai inda suke. Ya sa masa suna Magulmaciya. Ba ya jin Faransanci, sai ya kama hannun sarjan, shugabansu, ya nuna sama, ya nuna idonsa, ya nuna bakinsa. Sarjan ya gane, suka tashi daga wurin. Da yamma wuta ta faɗa ramukan da babu kowa.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, lakkwal, wato boko, ta shiga kaina. Na ce, "Kaka, jirgin yaƙi ba bindiga? Tatsuniya ce kawai."

Ta ce, "Kai maigida, mai gulma bindiga take ɗauka? Ido ne da ita, da baki." Ta yi dariya, amma ba ta sake ba ni labarin ba.

Bayan rasuwarta aiki ya kai ni Paris. Wata Lahadi na shiga wani gidan tarihin jirage, na ga hoton irin jirgin nan, fiffike bisa fiffike. An rubuta a ƙasa cewa na leƙen asiri ne, ba ya ɗauke da makami.

Na daɗe a tsaye. Abin da allon ya yi bayani da layi huɗu, Isuhu ya faɗe shi da yatsa ɗaya, 'yarsa kuma ta riƙe masa shi har tsufa. Ni ne na ce tatsuniya ce.

Wata Baturiya a gefena ta tambayi mijinta sunan jirgin. Ban san lokacin da na amsa da Hausa ba.

"Magulmaciya."

Allah ya jiƙan Kaka.